Ranar Larabar da Nafisa Ta Ɗaga

Ranar Talata Nafisa Lawwali ta tashi ƙarfe biyar da kwata. Mahaifiyarta, Malama Saude, ba ta ga wannan da idonta ba. Bayan komai ya wuce ne ta riƙa bin mutane ɗaya bayan ɗaya, maƙwabta da direbobi da ma'aikatan asibiti, tana tambaya tana rubutawa, har ranar ta haɗu mata tun daga asuba zuwa magariba.

Nafisa ungozoma ce a wani ƙaramin asibitin mata da ke Tsafe, amma a Gusau take zaune, a Tudun Wada. Shekarunta talatin da ɗaya, tana da 'ya ɗaya, Halima, wadda ba ta cika uku ba. A wannan safiyar tana ɗauke da cikin sati goma sha ɗaya, kuma likitan zuciya ya riga ya faɗa mata cewa zuciyarta ba za ta iya da shi ba: in aka bar cikin, zai iya tafiya da ita tun kafin ya isa haihuwa. An sa mata washegari, Laraba, ƙarfe takwas na safe, za a cire shi a babban asibiti. Sharaɗi ɗaya likitan ya kafa. Ta zo da babba daga cikin nata, wanda zai sa hannu idan wani abu ya taso, ya kuma zauna da ita kwana biyu. Mijinta Abdulƙadir direban babbar mota ne. Ya amince tun ta waya, amma motarsa ta lalace da lodin wake a bayan Mokwa, kwana huɗu ke nan yana jiran kayan gyara. Mahaifinta ya rasu. Ƙannenta maza biyu suna karatu a Sakkwato. Dangin miji kuwa ba ta son maganar ta kai kunnensu. Saura mahaifiyarta, wadda ba ta san komai ba.

Ƙarfe shida da rabi ta kai Halima wurin maƙwabciyarta da kofin koko. Maƙwabciyar ta ce ta ga ta dafa ƙofa ta ɗan jima kafin ta juya.

Ƙarfe bakwai tana tasha. Motocin Tsafe ba sa tashi ɗai-ɗai yanzu. Sai sun taru biyar ko shida, an ji daga bakin waɗanda suka taho cewa hanya lafiya, sannan a bi juna. Sule, direban da ya saba ɗaukarta, ya ajiye mata gaba. Ya ce kullum sai ta tsokane shi kan tayar baya da ya ƙi canzawa, amma ran nan gilashi kawai ta sauke ta jingina kai.

Takwas da minti ashirin ta sauka. Malam Jatau mai ba da kati ya hango ta daga taga. Tsakanin bakin titi da ƙofar asibiti, tafiyar da ba ta kai minti biyar ba, sau biyu ta tsaya tana gyara takalmin da babu abin da ya same shi.

Daga tara zuwa sha ɗaya awon ciki ta yi. Mata ashirin da uku, da rubutun hannunta a gaban kowane suna.

Ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintuna aka shigo mata da Rukayya, wata matashiya daga wata ruga a bayan 'Yankuzo, tare da uwar mijinta. Abin da ya gudana a ɗakin daga bakin Rukayya ɗin Saude ta ji shi, lokacin da ta zo ta'aziyya. Hoton da aka yi mata ya nuna cikinta na sati tara ya lalace, amma bai fita ba. Tsohuwar ce ta fara magana tun kafin su zauna.

“Sista, a yi mata abin da za a yi, mu tahi. Mun bar shanu da yara.”

“Inna, shanun nan ba za su gudu a minti ashirin ba. Ko nono kika zo da shi ne kike sauri kada ya yi tsami?”

“Ke dai bakinki bai mutuwa.”

“To ara mini ɗiyarki kaɗan. Ga benci can a inuwa, ki je ki sa wa ɗanki ido, na ga yana hira da mai awara.”

Tsohuwar ta fita tana dariya tana mita. Haka Nafisa take yi da kowa: sai ta fitar da 'yan rakiya da wasa, ta tura ƙofa, ta jawo kujerarta ta bar bayan tebur.

Ta ce wa Rukayya, “Da farko ki sani ba laifinki ba ne. Ba daka ba ne, ba ɗaukar ruwa ba ne. Yanzu dai dole abin da ke ciki ya fita, kuma hanya uku ce. Zan faɗa miki duka, ki tsayar da ni duk inda ba ki gane ba.”

Ta ce ta farko ita ce jira: jiki yakan fitar da kansa, amma yana iya ɗaukar sati biyu ko fiye, ba wanda ya san ranar, wani lokaci kuma ba ya fita duka. Ta biyu ƙwaya ce: bayan 'yan sa'o'i mara za ta murɗa sosai, jini ya zo fiye da na al'ada, da gudaji; ga yawancin mata shi ke nan, amma cikin goma akan sami ɗaya ko biyu da sai an dawo an ƙarasa musu. Ta uku wankin mahaifa ne, a nan asibiti, a yau: allurar rage zafi, sannan a zuƙe da wata roba, minti goma zuwa sha biyar, akwai zafi, kuma kamar kowane aiki akwai ɗan haɗari, sai dai da wuya a sake komawa.

Rukayya ta ce, “An ce ƙarfe ake sa wa mutum, ya kankare mahaifa, ba a ƙara haihuwa.”

Nafisa ta buɗe durowa ta ɗauko abin a cikin ledarsa ta ɗora mata a cinya. “Taɓa. Ƙarfe ne?”

“Roba ce.”

“Duk ukun nan babu wadda ke hana haihuwa in an yi ta daidai.”

“To Sista, ki zaɓa mini. Ke kin sani.”

“Na san magani. Ban san gidanku ba. Kuma ba ni zan kwana da ciwon ba. Daga rugarku zuwa nan awa nawa ne a babur?”

“Biyu. In an yi ruwa, uku.”

“Bayan la'asar ana bin hanyar?”

Rukayya ta girgiza kai.

“Waya tana shiga?”

“Sai an hau dutse.”

“To ki sa wannan a lissafinki. In jini ya ɓalle miki a can, wa zai kawo ki?”

Rukayya ta daɗe tana juya ledar a hannunta. Sannan ta ce ba ta son a taɓa ta, ƙwayar take so, amma tana da gwaggo a bakin kasuwar Tsafe, za ta kwana biyu a wurinta har abin ya wuce. Nafisa ta ce wannan dabarar ba ta zo mata ba, kuma ta yi. Ta tambayi sunan gwaggon, da ko tana gida da rana, da ko akwai mai babur kusa. Ta lissafa mata alamomin da in ta gani kada ta jira kowa: jinin da ke jiƙa ƙunzugu biyu cikin awa ɗaya har awa biyu a jere, zazzaɓi, wari, jiri. Ta sa ta maimaita. Rukayya ta manta zazzaɓi, aka sake daga farko. Sai da ta kawo su duka ba tuntuɓe sannan Nafisa ta buɗe ƙofa ta kira tsohuwar. Rukayya ta ce abu ɗaya ta lura da shi: Sista takan tsaya a tsakiyar magana ta ja numfashi, kamar wadda ta hau tudu.

Ƙarfe ɗaya da rabi ta yi azahar a zaune. Biyu da rabi ta rufe ɗaki, domin bayan la'asar babu motar da ke barin Tsafe zuwa Gusau. Sule ya ce ba ta sauka inda ta saba ba. Ta ce ya wuce da ita Samaru, unguwar mahaifiyarta.

Nafisa ita ce 'yar farin Saude. Saude tana shekara ta biyu a jami'a ta haife ta, kuma tana yaye ta kakar Nafisa ta wajen uba, Inna Adama, ta ɗauke ta zuwa Nahuce, kamar yadda ake yi. A can ta yi wayo, a can ta yi firamare, tana kai abinci gona tana tsinkar auduga. Ba ta dawo Gusau ba sai da za ta shiga sakandare, ta tarar da uwar da ba ta kiran sunanta. Saude ta yi digiri biyu a fannin tarihi, ta shekara ashirin da shida tana koyarwa a kwalejin ilimi, ta sha tsayawa gaban ɗalibai tana yi musu bayanin inda kunyar ɗan fari ta samo asali. Da ta dawo gida kuwa sai ta ce, “Ke, zo nan,” ko “Ina yarinyar nan?” Bayan Nafisa ta fara aiki sai ta koma ce mata Mai Asibiti. Ita kuma Nafisa Malama take ce mata, kamar ɗaliban. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani. Saude ce ke ɗinka mata kayan salla ta aika ta hannun ƙanwarta, a ce daga ƙanwar ne.

Nafisa tana aji biyar na sakandare ƙawarta ta Nahuce, wadda suka tashi tare, ta yi ɓari. Aka dafa mata saiwoyi don cikin ya wanke, aka hana ta zuwa asibiti saboda an ce ƙarfe za a sa mata. Kwana shida ta yi tana zazzaɓi, sannan ta rasu. Nafisa ta je jana'iza ta dawo, kuma da lokacin cike takardu ya yi, makarantar ungozoma kaɗai ta rubuta. Shekara tara ta yi a Tsafe. Abokan aikinta sukan ce tana ɓata lokaci, layi na jira tana hira da mace ɗaya. Sau biyu aka kai ƙararta a kan haka. Ba ta canza ba.

Da ta haifi Halima, gidan Saude ta zo wanka, Inna Adama ta taho daga Nahuce don ta kula da ita. Kwana arba'in, safe da yamma, ruwa mai tafasa da ganyen darbejiya, da kunun kanwa kofi bayan kofi. Nafisa ta ce a rage zafin ruwan, a rage kanwar. Inna Adama ta ce, “Mi kika sani? Da wanga ruwa na wanke ubanki tun yana jinjiri, na wanke kaina haihuwa tara.” Nafisa ta dubi mahaifiyarta. Saude ta sunkuyar da kai, domin uwa ba ta sa baki a jegon 'yar fari, kuma ita ce ke sayen itacen. Wata biyu bayan suna ƙafafun Nafisa suka kumbura, ta kasa kwanciya sai a jingine. Aka ce zuciya ce ta yi rauni, ciwon da kan kama wasu mata bayan haihuwa. Ta yi sati uku a asibiti, ta fito da magunguna. Kumburi ya saɓe, ta koma aiki, Saude ta ɗauka an warke. Abin da ba ta sani ba shi ne likita ya gargaɗi Nafisa tun lokacin cewa zuciyar ba ta koma daidai ba, kada ta sake ɗaukar ciki. Ta kiyaye, ta bi tsarin da aka ba ta, cikin ya zo duk da haka. Irin wannan magana ba ta taɓa shiga tsakaninta da mahaifiyarta ba.

Ƙarfe huɗu da minti goma ta yi sallama. Daga nan Saude ba ta bukatar tambayar kowa.

Tana zaune a baranda kan tabarma, takardun ɗalibai a gabanta, jan biro a hannu. Nafisa ba ta hau kujera ba. Ta zauna a kan dakalin bakin ƙofa, ta cire takalmi. Igiyar takalmin ta bar shata a bayan ƙafarta, shatar ba ta cike ba. Saude ta gani. Tun sati biyu da suka wuce ma ta gane akwai ciki, ranar da Nafisa ta tashi daga kusa da tukunya saboda warin daddawa. Ta ji daɗi a ranta, ba ta nuna ba.

“Mai Asibiti, yau ta nan aka biyo?”

“Wallahi. Na ce bari in gaishe ki. Ya aiki, Malama?”

“Ga shi muna fama. Yaran nan rubutunsu kamar kaza ta bi ta kan takarda. Ya hanya?”

“Lafiya lau. Sojoji sun ƙara shinge ɗaya.”

“Maigidan bai dawo ba?”

“Motar ce har yanzu. Ya ce wataƙila Lahadi.”

Saude ta tashi ta kawo mata ruwa da ragowar dambu. Nafisa ta sha ruwan, ta ɗan taɓa dambun ta rufe. Suka yi maganar Inna Adama da idonta da ya ƙara dushewa, da maganar rufin ɗakin baya da ke yoyo. Saude ta koma kan takardunta.

“Malama, gobe kina da aji?”

“Jarrabawa za mu tsare, takwas zuwa sha biyu. Da wani abu ne?”

Ta yi tambayar idonta na kan takarda. Akwai malamai uku da za su iya tsaya mata in ta roƙa, kuma ta san da haka.

“A'a. Dama asibiti zan je gobe, a babban. Za a duba ni.”

Saude ta ɗauka awo ne. Ta ji kunya ta rufe ta, ga 'yar fari tana neman ta yi mata maganar ciki baki da baki. Ta kuma ji wani abu mai daɗi, cewa yarinyar ta zo har gida don ta sanar da ita. Ta ga ya kamata ta ce wani abu, ko sau ɗaya a rayuwarta. A lokacin cikin Halima ba ta ce komai ba daga farko har ƙarshe. Sai ta daure, ba ta ɗago ba, ta ce,

“Ai ku ne asibitin, ba sai an raka ku ba. Allah ya inganta. Allah ya raba lafiya.”

Nafisa ta daɗe ba ta amsa ba. Saude ta ji shirun, ta ɗauka kunya ce irin tata.

“Amin, Malama.”

Ta ƙara kamar minti ashirin. Ta tsince wa mahaifiyarta takardun da iska ta watsa, ta jera su bisa lamba. Biyar da rabi ta sa takalmi da ƙyar. Saude ta ƙulle mata kuka da kuɓewa busasshiya a leda, ta raka ta iyakar zaure, ta ce a shafa mata kan Halima.

Ƙarfe shida da minti goma Nafisa ta kira likitan zuciyar, Dakta Idris, ta ce a ɗaga aikin zuwa Laraba ta sama, mijinta zai dawo kafin nan. Ya ce bai so haka ba, kowane sati nauyi ne a kan zuciyar. Ya tambaye ta mahaifiyar da ta ce za ta kawo. Ta ce tana da jarrabawa. Ya ce ko da wata babbar ce ta zo da ita. Ta ce ta sani, ta gode, Laraba ta sama.

Laraba da Alhamis ta je aiki. Juma'a ba ta je ba. Asabar da hantsi maƙwabciyar ta ji Halima tana kuka ba a rarrashe ta, ta shiga ta tarar da Nafisa zaune a ƙasa ta rungume kujera, leɓɓanta sun yi duhu, tana tari mai kumfa. Aka sa ta a Keke Napep aka yi asibiti, aka kira Saude.

A bakin ɗakin da aka kwantar da Nafisa, Dakta Idris, likita mai furfura a gemu, ya tari Saude.

“Hajiya, ke ce mahaifiyarta?”

Saude ta ce ita ce.

“Ke muka sa ran gani ranar Laraba.”

Ba ta gane ba, ya kuma ga ba ta gane ba. Ya ja ta gefe ya zaunar da ita ya faɗa mata komai a jere. Likitoci biyu ne suka duba Nafisa suka yi ittifaƙi. Ita da kanta ta je wurin Malam Sama'ila, limamin unguwarsu, ya ce in amintattun likitoci sun tabbatar ran uwa na cikin haɗari, a ceci uwar. An zauna da ita an yi maganar hanyoyin biyu, ƙwaya ko zuƙewa. Ta ce ga mai zuciya irin tata ba ta son abin da zai ɗauki sa'o'i ana jiran jini, ta zaɓi a yi aikin a gama cikin mintuna, na'ura na kan ƙirjinta, likitan zuciya na tsaye. Likitan ya ce tambayoyin da ta yi masa sun fi waɗanda ya yi mata. Yanzu kuwa ba za a iya taɓa ta ba sai an janye ruwan da ya taru a huhunta, zuciyar ta ɗan daidaita.

Saude ta shiga. An jingine Nafisa da matasai uku, robar iska a fuskarta. Saude ta zauna a bakin gadon, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta riƙe ƙafar da ta kumbura.

“Me ya sa ba ki faɗa mini ba?”

Nafisa ta janye robar kaɗan. “Na zo faɗa.”

“Na sani.”

“Kin yi addu'a. Ban taɓa jin kin yi ba. Sai na kasa.”

Ta mayar da robar ta yi numfashi, ta sake janyewa.

“Malama, kada ki bari a ce likita ne. An yi mini bayani. Na gane komai. Ni na ɗaga.”

Wata nas ta zo ta ce a bar ta ta huta. Lahadi ta ɗan ji sauƙi, ta sha shayi, Abdulƙadir ya iso da yamma da baƙin mai a rigarsa, ya bar motar a inda take. Aka ce in ta kwana biyu haka za a yi aikin. Litinin bayan azahar bugun zuciyarta ya rikice. Likitoci suka fitar da kowa, suka yi minti arba'in a kanta. An yi mata sutura kafin magariba.

Bayan sadakar bakwai Saude ta koma wurin Dakta Idris da tambayoyi biyu a rubuce. Ta farko: da an yi aikin ranar Laraba, da ta rayu? Ya ce bai sani ba. Zuciyar ta riga ta yi rauni ƙwarai, tana iya tsayawa ko da an yi. Amma da ta fi samun dama, kuma ba zai ɓoye mata wannan ba. Ta biyu: wankan jego da kanwa ne suka jawo ciwon? Ya ce an daɗe ana zargin suna ƙara wa zuciya nauyi, amma yana ganin ciwon ga matan da ba su yi wanka ba, ba zai iya cewa su ne ba, ba zai iya cewa ba su ba ne. Saude ta rubuta amsoshin kamar yadda ya faɗe su. Inna Adama ba a gaya mata akwai ciki ba. Dangin Abdulƙadir ma ciwon zuciya kawai suka sani.

Bayan arba'in Abdulƙadir ya kawo wa Saude makullin ɗakin, ya ce shi ba zai iya ba. Malamai sun riga sun raba abin da ake rabawa, saura a kwashe. Ta yi kwana uku tana yi, ita kaɗai. Ta wanke tufafin duka, har waɗanda ke a wanke, ta goge, ta ɗaure su ƙulli-ƙulli aka kai Nahuce aka bayar. Fararen rigunan aiki guda huɗu da abin awon jini ta aika Tsafe. Littattafan ta kai makarantar ungozoma, mai kula da ɗakin karatu ya ce sun tsufa amma zai karɓa. Magungunan zuciya ta duba su kafin ta mayar asibiti: an sha kowanne har zuwa safiyar Asabar, babu ranar da aka tsallake. Gado da kwanuka da 'yan kunnen zinare rabon Halima ne, suna ɗakin bayan Saude, wanda ta sa aka gyara rufinsa kafin a shigar da su.

Wayar ce ta fi daɗewa a hannunta. Ba ta daina ƙara ba. Mata ne daga ƙauyukan Tsafe, wasu da lambar miji, wasu da ta maƙwabci, suna cewa a ba su Sista. Wata ta ce jini ne tun jiya, wata ta ce an ba ta ƙwaya a kemis ba a gaya mata yadda za ta kasance ba. Saude takan ce Sista ta rasu, ta saurari salatinsu, sannan ta ce su tafi asibiti yanzu, kada su jira. Abin da ta iya ke nan. Ta yi sati biyar a haka. Ranar wata Alhamis ta ba Sule layin wayar a cikin ambulan, ya kai wa ungozomar da aka turo Tsafe, da takarda mai cewa a sa shi a wayar da ba a kashewa. Wayar kanta, da tsagaggen gilashinta, ta sa a durowar teburin da take duba takardun ɗalibai.